Tambaya da Amsa: Iskar da ba a gani a ƙarƙashin gida

TAMBAYA

Baba Injiniya. Ina rubuto maka daga garin Plymouth a ƙasar Ingila, inda ni da maigida muke aikin asibiti. Shekara biyu ke nan da muka sayi wani tsohon gida mai ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Mun share shi mun shimfiɗa darduma, yaranmu uku suna sauka su yi wasa, wani lokacin a can suke karatun allo ranar Asabar. Bana muka yi niyyar gyara shi ya zama ɗakin kwana saboda Hajiya, mahaifiyar maigida, da za ta zo ta daɗe a wurinmu, kuma muna so mu ƙara ɗaki ɗaya a bayan gida. Da maginin ya zo, sai ya tambaye mu ko mun taɓa auna radon. Ya ce iska ce da ke fitowa daga ƙasa, tana jawo kansar huhu, kuma yankinmu yana cikin inda ta fi yawa. Baba, tun ranar ban yi barcin kirki ba. Autana yana yawan tari. Shin na cutar da 'ya'yana da hannuna? Mu sayar da gidan ne? Kuma maigida yakan sha taba jefi-jefi, ko da yake ba a cikin gida ba. Don Allah a ba mu shawara.

Hauwa'u, daga Plymouth

AMSA

Malama Hauwa'u. Allah ya raya zuri'a, ya kawo Hajiya lafiya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma na ga abu uku ne suka tsaya miki a rai: ko yaran sun cutu, ko gidan zai ci gaba da zaunuwa, da kuma yadda za a yi sabon ginin. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, amma bari na fara da wanda ya hana ki barci.

'Yata, ki kwantar da hankalinki. Radon ba ta sa tari, ba ta sa ciwon kai, ba ta sa zazzaɓi. Babu wata alama da take nunawa a jikin mutum cikin mako ko wata. Illarta tana taruwa ne a hankali, bayan shekaru masu yawa ana shaƙarta awa da awa a ɗakin da ake kwana ko ake wuni. Yaran da ke sauka su yi wasa na 'yan awoyi a mako, tsawon shekara biyu, abin da suka shaƙa kaɗan ne in aka gwada da wanda ya shekara talatin yana kwana a irin wannan ɗaki. Tarin autanki ya fi kama da aikin danshi da fumfuna, waɗanda ba sa rabuwa da tsofaffin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa a Ingila, ko kuma murar da yara ke kwasowa a makaranta. Ki kai shi likita ya duba shi, amma kada ki ɗora wa kanki laifin da ba ki yi ba. Uwar da ta ji abu ta tashi tsaye tana tambaya, ta yi abin da ya kamace ta.

Maginin naku kuwa ya yi muku halacci. Da yawa sai su karɓi kuɗi su manna allunan bango su shafa fenti su tafi. Ku riƙe shi.

To mece ce radon? A cikin duwatsu da ƙasa ko'ina a duniya akwai ɗan burbushin ma'adinin yuraniyam, wani wuri kaɗan, wani wuri da dama. Yuraniyam yana ruɓewa a hankali yana rikiɗa zuwa wasu sinadarai, ɗaya daga cikinsu iska ce, ita ce radon. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. In ta fito fili iskar gari takan tarwatsa ta, ba ta cutar da kowa. A rufaffen ɗaki ne take taruwa. In aka shaƙe ta, 'yan ƙwayoyin da take rikiɗa zuwa gare su sukan manne a hanyoyin numfashi suna fitar da tururin da ke lahanta naman huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan taba, ita ce babbar hanyar kamuwa da kansar huhu, kuma a Birtaniya ana ƙiyasta tana da hannu a mutuwar mutum kusan 1,100 a shekara.

Abin da ya sa maginin ya ambaci yankinku shi ne dutse. Sassa da dama na Devon da Cornwall, wato yankinku, suna zaune kan dutsen giranit, irin wanda ya yi tsaunin Dartmoor da ke arewa da garinku, kuma wannan dutse ya fi yawancin duwatsu yuraniyam. Sai dai taswirar radon yanki take nunawa, ba ta san gidanki ba. Gidaje biyu da katanga ɗaya ta raba, ana iya samun ɗaya da yawa, ɗayan kusan babu, gwargwadon tsagar da ke ƙarƙashin kowanne da yadda aka yi daɓensa.

Za ki so ki san yadda take shigowa, don a nan maganin yake. Lokacin sanyi kuna kunna abin ɗumama gida ku rufe tagogi. Iska mai ɗumi tana hawa sama ta sulale ta rufi, sai ƙasan gidan ya riƙa zuƙo wata ta maye gurbinta, kamar yadda yaro ke zuƙar lemo da tsinke. Ta ina zai zuƙo? Ta tsagar daɓe, ta mahaɗar bango da daɓe, ta gefen bututun ruwa da na bahaya, ta ramin da ake tara ruwan da ke tsatsowa. Ɗakin da ke sama ƙasansa kaɗai ke taɓa ƙasa. Na ƙarƙashi kuwa daɓensa da bangayensa huɗu duk a jingine suke da ita, ga ƙarancin taga. Shi ya sa hukumar kula da lafiyar jama'a ta Birtaniya, UKHSA, take ba da shawarar a auna duk ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ake zama a cikinsa, ko a wane yanki yake.

Bari na ba ki wani labari da zai sanyaya miki zuciya. A ƙarshen 1984 wani injiniya mai suna Stanley Watras yana aiki a tashar nukiliya ta Limerick da ake kan ginawa a jihar Pennsylvania ta Amurka. Na'urar da ke binciken ma'aikata ta riƙa ƙara duk lokacin da ya gifta, har da safe yana shigowa daga gida. Da aka bi sawu, sai aka tarar gidansa ne cike da radon, kusan bekarel 100,000 a kowace kubik mita ta iska, adadin da ya girgiza masana. Iyalin suka fita na ɗan lokaci, aka yi wa gidan aiki, adadin ya sauko, suka koma ciki suka ci gaba da zama. In har wannan gida ya gyaru, to naki ma zai gyaru da yardar Allah. Batun sayarwa ki ajiye shi gefe.

Bekarel da na ambata shi ne ma'aunin da za ki gani a takardar sakamako. Matsakaicin gida a Birtaniya yana da kusan 20. In sakamako ya kai 200, hukuma ta ce lallai a yi gyara, kuma burin gyaran shi ne a sauko ƙasa da 100. Tsakanin 100 da 200 ma ana son a yi tunanin ragewa, musamman in akwai mai shan taba ko wanda ya taɓa sha a gidan.

Wannan ya kawo mu kan maigida, kuma zan yi maganar da girmamawa, don na san ba ke kaɗai ke karantawa ba. A 2005 an haɗa sakamakon bincike 13 daga ƙasashen Turai 9, aka fitar da lissafi mai sauƙin fahimta. A cikin mutum 1,000 da ba su taɓa shan taba ba, kusan 4 ne za su kamu da kansar huhu kafin shekara 75 in babu radon sam. In suna zaune a gida mai bekarel 100 sai su zama 5, a mai 400 su zama 7. Ga masu shan taba a kai a kai kuwa, lissafin ya tashi daga 100 zuwa 120 zuwa 160. Kin ga taba da radon in suka haɗu a huhu ɗaya, kowace ƙara wa 'yar'uwarta ƙarfi take yi. Fita waje da yake yi yana kare ku daga hayaƙi, Allah ya saka masa, amma huhunsa yana tare da shi in ya dawo ciki. Ma'aikacin lafiya ne, ya san wannan. Ki nuna masa cikin lumana a lokacin da ya dace. Babu gyaran da magini zai yi wa gidan nan da zai kai barin tabar amfani.

Yanzu ga abin yi. Mataki na farko shi ne awo, kafin a kafa ƙusa ɗaya. Ana yin odar 'yan na'urori na roba, kowace ba ta fi murfin kwalbar man shafawa girma ba, daga UKHSA ko wani ɗakin gwaji da ta amince da shi, a kawo ta gidan waya, kuɗinsu bai kai fam 100 ba. Bisa al'ada ana sa ɗaya a falo, ɗaya a ɗakin kwana. Ke ki nemi ƙari saboda ɗakin ƙasan. Ki ɗora su kan kanta, nesa da taga da abin ɗumama ɗaki, inda yara ba za su ɗauka ba, ki bar su wata uku cif kina zaman gidanki yadda kika saba, sannan ki mayar a karanta. Ana ɗaukar wata uku ne don radon tana hawa tana sauka daga dare zuwa rana, daga mako zuwa mako, awon kwana biyu zai iya ruɗin mutum. A wannan tsakanin yara su dawo da karatunsu falo. In Hajiya ta iso kafin aiki ya kammala, ku ba ta ɗaki a sama, ko da ku ne za ku matsa. Dama hawa da saukar matakala ba abokin gwiwar dattijuwa ba ne.

In sakamako ya zo da yawa, hanyar da ta fi ƙarfi ita ce ramin zuƙa. Ana fasa daɓe a haƙa rami kamar girman bokiti, a kafa bututu mai faɗin inci 4, a bi da shi waje har saman rufi, nesa da tagogi, a sa masa 'yar fanka mai aiki dare da rana. Fankar tana janye iskar tun tana ƙarƙashin daɓe, kafin gidan ya zuƙo ta. Hanya ta biyu ita ce na'urar da ke turo iska mai tsabta daga waje zuwa cikin ɗakin, ta yadda ɗakin ne zai riƙa tura iska cikin tsagogin maimakon ya zuƙo. Toshe tsaga da gefen bututu yana taimakawa, amma shi kaɗai ba ya isa, don ba a iya gano kowace kafa.

Abu biyu nake so ki faɗa wa maginin da bakinki. Na farko, kada a sa fanka mai fitar da iska kaɗai a ɗakin ƙasan da sunan maganin danshi. Irin wannan fanka tana ƙara wa ɗakin zuƙa, sai a gudu daga danshi a faɗa wa radon. Na biyu, a Ingila ana yawan lulluɓe bango da daɓen irin wannan ɗaki da wata leda mai ƙusumbi-ƙusumbi kamar farantin ƙwai, wadda ke barin ruwa ya gangara ta bayanta zuwa ramin famfo. To duk hanyar da ruwa ya bi, iska ma tana bi. Dole a like mahaɗanta sosai, murfin ramin famfon ya zama wanda ba ya shan iska, sannan a fitar wa sararin bayan ledar bututu zuwa waje. Aikin ruwa da aikin iska a zana su tare, kuma a ba wanda ya san duka biyun. Bayan an gama, a sake awo na wata uku. Takardar sakamako ce shaidar aiki ya yi.

Sabon ɗakin da za ku ƙara shi ne mai sauƙi, domin Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Dokokin gini na Ingila sun tanadi kariya daga radon, kuma jami'in da ke duba gini zai nema. A inda ake ƙiyasin kashi 3 zuwa 10 cikin 100 na gidaje sun haura 200, ana shimfiɗa leda mai kauri ta rufe faɗin ginin gaba ɗaya, har ta ratsa cikin bango. A inda aka haura kashi 10, ana ƙara ramin zuƙa ko sarari mai shan iska a ƙarƙashin daɓe, a bar bakin bututun a toshe, in awo ya nuna buƙata daga baya sai a ɗaura fanka kawai. Kuɗin wannan a lokacin gini kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da fasa daɓen da aka riga aka sa wa tayil.

Sai dai leda tana amfani ne gwargwadon hannun da ya shimfiɗa ta. Na taɓa tsayawa a wani wurin gini da sassafe, an shimfiɗa leda fes tun jiya, an ɗora gefe kan gefe kamar taƙi guda, an bi da salatif na musamman an danne. Sai mai aikin famfo ya zo zai wuce da bututunsa. Ya zaro wuƙa ya tsaga ledar giciye, ya zura bututun, ya taka gefen da takalmi ya wuce. Motar kankare tana bakin ƙofa tana jira. Da ba a tsayar da ita ba, cikin rabin awa da an binne wannan kafa har abada, kuma duk iskar da ke ƙarƙashin ginin nan za ta tattaru ta bi. Akwai wata 'yar hular roba da ake zura wa kowane bututu a like ta da ledar, aikin minti goma ne. Saboda haka ranar da za a zuba kankare, ke ko maigida ɗaya ya nemi hutu ya tsaya. Ku zagaya ku duba kowace mahaɗa, kowane lungu, gindin kowane bututu, ku ɗauki hoto ku adana.

Tun da kin buɗe wannan ƙofa, bari na gaya miki radon ba ita kaɗai ke fitowa daga ƙasa ba. Shara in ta ruɓe a binne tana fitar da metan, iskar da ke kama wuta in ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar ɗaki. A watan Maris na 1986, a ƙauyen Loscoe na Derbyshire, metan daga wani tsohon ramin da aka cike da shara ta bi ta cikin dutse ta taru a wani gida da ke kusa, gidan ya tarwatse, mutum uku da ke ciki suka ji rauni. Akwai kuma iskar kabon, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, mai nauyi, mai kwanciya a ƙasa-ƙasa ta kori iskar shaƙa. A garin Gorebridge na Sikotilan ta riƙa tsatsowa daga tsofaffin ramukan kwal tana shiga sababbin gidaje daga 2013, mutane suna jiri da ciwon kai, har aka rushe gidaje 64. Waɗannan biyun ba sa jiran shekaru. Ki duba takardun binciken fili da lauyanku ya karɓo lokacin saye, za su nuna ko akwai tsohon juji ko ramin ma'adinai kusa da ku. Devon da Cornwall an daɗe ana haƙar kuza da tagulla a cikinsu.

Ga 'yan'uwa da ke karantawa a gida, maganar ta shafe mu ta fuska biyu. Tsaunukan Jos ma giranit ne, kuma yashin da ya rage bayan wanke kuza yakan ƙunshi ma'adinai masu irin wannan tururi, don haka bai dace a kwaso shi a yi bulo ko filasta ba sai an gwada. Haka duk abin da ya fito daga wuraren haƙar yuraniyam na Arlit. Ginin iyayenmu mai tsakar gida da tagogi a buɗe yana kare mu ba tare da mun sani ba. Amma yanzu muna gina gidaje rufe ruf saboda na'urar sanyaya ɗaki, wasu har da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Ta fuska ta biyu, kowa ya san kududdufai nawa aka cike da bola a Kano da sauran birane, aka bi da jar ƙasa, aka yanka filotai. Mai sayen fili ya tambayi dattawan unguwa abin da ke wurin shekara talatin da suka wuce. In juji ne, a kira injiniya ya haƙa ya gani kafin a sa harsashi, don irin wannan ƙasa ga iska ga zabtarewa. Ledar da ake shimfiɗawa kafin a zuba jaman fulo kuwa, a sayi mai kauri, a like ta da kyau, kada a bar lebura ya bi ta kanta da baro.

Malama Hauwa'u, abin da ke gabanki a wannan makon ɗaya ne: ki yi odar na'urorin nan, ki rubuta ranar da kika ajiye su a jikin kalanda, ki ce wa magini ya dakata da ɗakin ƙasa har sakamako ya fito. Yana iya zuwa ƙasa da 100, ku yi hamdala ku ci gaba da aikinku, ku sake awo bayan an gama gyaran. In ya zo da yawa, kin riga kin san abin da ake yi. Ki rubuto mini da adadin in ya iso, mu duba tare. A gaida maigida, a shafa kan yara, Allah ya sa gidan ya zama na albarka.